Ranar da Aka Daina Kaɗa Taken Ɗantala

Ɗantala mahauci maƙwabcinmu ne tun ina amarya. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa, a ƙauyenmu da ke gefen hanyar Gumel zuwa Sule Tankarkar. Bayan gidajen namu akwai wani fili mai tauri inda ake sussukar gero, wanda in an gama aikin kaka yakan koma fagen dambe. Ni ban taɓa zuwa kallon dambe ba. Maigidana marigayi Malam bai yarda ba, ni ma raina bai so. Sai dai darnin bayan ɗakina na kara ne, kuma duk shekara sai ya ɓule. Abin da zan faɗa a nan, yawancinsa ta wannan ɓular na gan shi.

Gajere ne, mai kauri, ba shi da yawan magana. In ka dubi hannuwansa sai ka ce na mutum biyu ne. Na hagu cike yake da tabon wuƙa kamar na kowane mahauci. Na dama kuwa ya fi ɗan'uwansa girma, gaɓoɓin yatsun sun baje sun yi baƙi. Fawa gadonsa ce, dambe ma haka, don a wajenmu 'ya'yan mahauta da shi suke tashi.

Da ƙuruciyarsa babu wanda ya tsaya masa. Na ga ranar da wani ƙato ya tsallako daga Damagaram da makaɗansa da layunsa, yana ta tsalle yana kirari. Ɗantala ya bar shi ya gama. Da aka sa su, ya ɗan durƙusa ya kawo masa duka ɗaya a ƙarƙashin kunne. Mutumin ya faɗi ta fuska, ƙafafunsa suna ta shure-shure kamar na ragon da aka yanka. Wani kuma daga Gagarawa Tasha a baki ya same shi. Washegari da muka fita shiƙa, Talatu matar Ɗantala ta tsinci haƙora a cikin ƙaiƙayi, ta tona rami da ƙafa ta rufe su.

Akwai wata al'ada a filin nan namu. Duk wanda ya riƙe fili, takensa ake fara kaɗawa kafin na kowa, ko yana wurin ko ba ya nan. Ba a daina kaɗa shi sai an kayar da shi a wannan filin, ko ya mutu. Baffa Ɗanjuma mai kalangu shi ke riƙe da wannan al'ada, kamar yadda ya gada wajen ubansa. Shi ya yi wa Ɗantala take. Masu jin kiɗa sun ce kalangun yana cewa ne, “Ɗantala ya iso, a kau da yara.” Da zarar an kaɗa shi, hannun daman Ɗantala sai ya kama rawa da kansa. Na sha ganin haka ko a bakin teburinsa, har sai ya ajiye wuƙa.

Yana da aboki, Shehu, shi ma mahauci ɗan dambe, daga wani ƙauye wajen Maigatari. Kwano ɗaya suke ci. Wata kaka aka rasa wanda zai kara da Ɗantala, mutane suka yi ta zuga har aka haɗa su. Suna shiga suna dariya. A turmi na biyu, wato zagaye na biyu, Shehu ya kawo duka ya wuce, ƙafarsa ta zame a kan ƙwayar gero, ya juya baya. Hannun Ɗantala ya riga ya taho. A ƙeya ya same shi, daidai inda wuya ya haɗu da kai. Ƙarar da na ji kamar an taka busasshiyar ƙwarya ce.

Shehu bai tashi ba. An zuba masa ruwa, an yi masa fifita, ya buɗe ido yana tambayar ina ƙafafunsa. An kai shi asibiti, an kai shi wajen masu ɗori, amma daga ƙugu zuwa ƙasa jikin ya mutu ke nan.

A ranar Ɗantala ya warware zaren damben da ke naɗe a hannunsa da haƙori, ya jefa a murhun mai tsire. Ya wuce masallaci da ƙurar filin a jikinsa, ya rantse a gaban liman cewa hannun nan ba zai sake dukan ɗan Adam ba. Da matar Shehu ta gaji ta koma gidansu, Ɗantala ya je ya ɗauko shi ya ajiye a zaurensa. Shi ke yi masa wanka, shi ke goya shi zuwa bakin tebur kowace safiya, kafin daga baya a samo masa keken guragu. Shehu yana zaune yana soka nama a tsinke, bakinsa kuwa bai mutu ba.

“Ka san dai santsi ne ya kayar da ni, ba kai ba,” in ji shi, kusan kullum.

“Na sani.”

“Ka sani, amma ba ka gaya wa mutane.”

“In na gaya musu, wa zai ci gaba da ba ka romo kyauta?”

“Romon da ruwa ya fi nama yawa? Rago kawai.”

Haka suka yi shekaru, har furfura ta fito musu. Ɗantala ya zama mutumin sahun farko a masallaci. Ko akuya ta ci masa nama, korar ta yake da baki. Sai dai duk kaka, in an buɗe fili, takensa ke fara tashi. Talatu ta gaya mini cewa in ya ji, ɗaki yake shiga ya zauna a kan hannun, gumi yana zubo masa har kiɗan ya wuce. Ya je ya roƙi mai kalangu ba sau ɗaya ba.

“Baffa, don Allah ka bar kiɗan nan. Na bar dambe, kowa ya sani.”

“An kayar da kai?”

“A'a.”

“Ka mutu?”

“Baffa.”

“To me kake so in gaya wa ubana in na same shi? Kai ka bar fili. Fili bai bar ka ba.”

Samari da yawa sun yi tashe a tsakani, ba wanda abin ya dama. Sai da Abdulmuhaimin ya taso, wanda kowa ke kira Dogo. Lodin shanu yake yi a kasuwar Maigatari, mutum ne da ke kama bijimi ta ƙaho ya murɗe. Ya kayar da duk wani ɗan dambe daga Gumel har bakin iyaka, yara suna kallonsa a waya. Amma in ya zo filinmu, wanda shi ne babban fage a yankin, sai ya tsaya da naɗaɗɗen hannu yana sauraron taken wani kafin nasa. Mutane kuma ba su bar shi ya huta ba. A tasha a ce masa, “Dogo na biyu.” A wajen mai shayi a ce, “Ka kayar da kowa, ban da mai filin.”

'Yata Sumayya, da ke koyarwa a Gumel, ta zo gida a lokacin. Da na ba ta labari sai ta ce Turawa suna da kalma biyu masu kama da juna. Ɗaya ta wanda ya taɓa zama wani abu ya bari, an wuce wurin. Ɗaya kuma ta wanda ke gabanka a layi, wanda kai ka biyo bayansa. Ta faɗa mini su, ban riƙe ba. Abin da na riƙe shi ne, Ɗantala yana ganin kansa irin na farkon, Dogo kuwa yana ganinsa irin na biyun, kuma babu mai ƙarya a cikinsu.

Da farko da ladabi Dogo ya zo. Ya cire takalmi ya durƙusa a bakin tebur.

“Baba, turmi ɗaya nake roƙo. Ba zan yi maka da ƙarfi ba.”

“Na yi rantsuwa, Abdulmuhaimin. Amma in ka yarda, zan shiga fili in durƙusa maka a gaban kowa. Ba ni da girman da zan kare.”

“Sadaka za ka ba ni? Gobe a ce Dogo bara ya yi aka ba shi fili?”

Baffa Ɗanjuma ma da aka tambaye shi ya ce durƙuson ganin dama ba kisa ba ne. Kisa a dambe shi ne a kai mutum ƙasa ana cikin karawa, hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa.

Daga nan ladabi ya ƙare. Wata rana da hantsi na fita sayen ƙashin miya, sai ga samarin da ke bin Dogo a kan babura. Ba su yi sallama ba. Ɗaya ya sa ƙafa ya kife teburin, nama da hanji suka watse a cikin rairayi. Wani ya ciro igiyar shanu ya naɗe ta biyu ya zabga wa Ɗantala a fuska. Na ga Ɗantala ya mayar da hannuwansa baya, na hagu ya riƙe na dama gam. Suka rufe shi da gora da igiya. Hancinsa ya fashe, jini ya gangaro ya jiƙe gemun. Suna duka suna cewa, “Rama mana, tsoho. Ina hannun?” Bai rama ba, bai kuma faɗi ba. Wuƙaƙensa suna nan zube a gaban ƙafarsa, ko kallonsu bai yi ba. Sai da mutanen masallaci suka fito da gudu sannan suka hau baburansu.

Ya tsugunna yana tsince naman yana kakkaɓe rairayi. Ya ɗago ya gan ni, ya ce, “Yaya, yau ƙashin sai kin wanke shi da kyau.”

An kai ƙara wajen mai gari, an kira iyayen yaran, an ba da haƙuri. Dogo ya rantse ba shi ya aike su ba. Wataƙila gaskiya ya faɗa, Allah ne masani. Amma bai hana su ba.

Abin da ya biyo baya ya fi muni. Wata rana Ɗantala ya tafi kasuwar Gumel sayen dabba, Shehu yana zaure shi kaɗai. Ina bayan ɗaki ina tankaɗe na ji hayaniya a fili. Na leƙa. Samarin nan na Dogo sun turo keken Shehu har tsakiyar fage sun kife shi. Biyu suka kama matattun ƙafafun suna jan sa a ƙasa, suna zagaya filin, wani yana ɗauka a waya yana cewa, “Ku zo ku ga aikin Ɗantala.” Rigarsa ta naɗe zuwa wuya, fatar bayansa tana saɓulewa a kan tsakuwa, kansa yana bugun ƙasa. Shi kuwa zagi yake, tun daga iyayensu har kakanninsu, yana kai duka ga duk ƙafar da ta matso. Ya kama ƙwaurin ɗaya ya gantsara masa cizo har sai da aka taka masa fuska ya saki. Na fita ba mayafi ina kiran mutane. Kafin a taru sun gudu.

Da Ɗantala ya dawo, ya tarar da Talatu tana cire wa Shehu tsakuwa daga baya da ruwan ɗumi. Ina wurin ina riƙe da kwano. Ya daɗe a tsaye. Hannun daman yana rawa, alhali babu kiɗa.

“Ka shiga fili ka fasa wa Dogo baki,” in ji Shehu, yana kife a tabarma. “Saboda ni ka yi rantsuwar. Na yafe.”

“Ba da kai na yi ta ba.”

“To liman ya ce akwai kaffara. Ka ciyar, ka yi azumi.”

“Kaffara za ta goge rantsuwa. In na yi wani Shehun, wa zai tashe shi? Zaurena mutum ɗaya yake ɗauka.”

“To zama za mu yi su kashe mu?”

Ɗantala ya juya ya shige ɗaki. Bayan magariba ya aika wa Dogo da Baffa Ɗanjuma cewa zai shiga.

Talatu ta ce mini ga abin da ya ƙudura. Zai naɗe hannu, don in bai naɗe ba ba dambe ba ne. Zai tsaya ya sha duka na gaskiya har ya faɗi faɗuwa ta gaskiya, wadda ba mai cewa sadaka ce. Amma ba zai kai duka ba. Tsoronsa ɗaya, taken.

Ranar karawar, bayan la'asar, filin ya cika har kan bishiyoyi. Motoci daga Maigatari, 'yan adaidaita daga Gumel. Talatu ta shigo gidana ta zauna ta jingina bayanta da darni, carbi a hannunta.

“Yaya, ni ba zan iya kallo ba. Ki riƙa gaya mini.”

Aka kaɗa takensa, aka kaɗa na Dogo. Ɗantala ya fito da aron zare a hannu, tumbi ya ɗan fito, furfura a ƙirji. An ajiye Shehu a gefe a kan kekensa, an tokare masa baya da matashi.

Turmin farko Dogo ya fara da taka-tsantsan, yana tsoron hannun da ya ji labari. Da ya ga hannun yana can baya a maƙale, sai ya saki jiki. Ya kawo ɗaya a goshi, gira ta tsage, jini ya rufe idon hagu. Ya kawo wani a kunne.

“Ya ɗaga hannun?” in ji Talatu.

“Bai ɗaga ba.”

Turmi na biyu a haƙarƙari ya yi ta sauke masa. Ina jin dukan daga inda nake, kamar ana bugun buhun dawa. Ya sa masa ƙafa a ciki. Ya same shi a baki, Ɗantala ya tofar da jini da haƙori. Na ga yana son ya faɗi, wallahi na gani, don idonsa ƙasa yake kallo. Amma ƙafafun da suka saba kayar da bijimai sun ƙi. In ya yi tangaɗi, sai su dasa kansu. Mutanen da suka zo da ihu suka yi tsit. Wasu dattawa suka fara cewa a raba. Dogo yana haki, yana kuka-kuka, yana cewa, “Ka buga mana, Baba. Ka buga ko ka faɗi.”

“Ya faɗi?”

“Bai faɗi ba, Talatu.”

“Hannun fa?”

“Yana nan a baya.”

A turmi na uku ne Baffa Ɗanjuma ya matso. Ban san ko tausayi ne ya kama shi ba, ko kiɗan ne ya ɗebe shi. Ya shigo har cikin fili ya sa kalangun kusa da kunnen Ɗantala ya saki taken, da ƙarfin da ban taɓa ji ba. Hannun ya fara rawa. Ya baro baya. Ya tashi sama a hankali, kafaɗar ta buɗe, ƙafar hagu ta matsa gaba. Mutumin da na sani a sahun masallaci ya ɓace, na ga wancan na dā.

“Yaya, kin yi shiru.”

Na ƙara manna idona a ɓular.

Dogo ya gaji, hannunsa ya yi nauyi. Ya tattara ƙarfinsa ya kawo wani babban duka, ya wuce, jikinsa ya juya da shi. Ƙeyarsa ta bayyana a fili, daidai inda wuya ya haɗu da kai. Duk wanda ya kai shekaruna a wurin ya gane abin da yake gani. Na ji muryar Shehu ita kaɗai, ya ce, “Yanzu.”

Hannun ya taho. Ba abin da zai tsayar da shi, ko mai shi. Sai na ga Ɗantala ya lanƙwasa ƙugunsa ya sunkuya da dukan gaba ɗaya. Dunƙulen ya wuce ta gefen kunnen Dogo ya sauka a ƙasa, ƙasar masussuka da aka shekara ana daka a kanta. Ƙarar irin waccan ce, ta busasshiyar ƙwarya. Wuyan hannun ya lanƙwashe ta inda ba ya lanƙwashewa, farin ƙashi ya ɓullo ta ƙasan zaren.

Kalangun ya tsaya a tsakiyar take.

“Ya buga, Talatu,” na ce. “Ƙasa ya buga.”

Ta kife fuskarta a cinyata.

Gardama ta tashi nan take, wasu na cewa kisa ne, wasu na cewa ba kisa ba ne. Baffa Ɗanjuma ya ɗaga makaɗinsa har aka yi shiru. Ya ce, “Ana cikin karawa hannu ya taɓa ƙasa. Ni abin da na gada ke nan.” Ya juya ya kaɗa taken Dogo, shi kaɗai. Samari suka ruga za su ɗaga shi sama, ya ture su. Yana tsaye yana kallon ramin da dunƙulen ya yi a ƙasa, yana shafa ƙeyarsa. Da aka zo ɗaukar Ɗantala, shi ya kama ƙafafun.

Hannun ya warke a karkace. Yana ɗaukar loma, yana jan carbi, amma ba ya riƙe wuƙa. Wani ke yi masa yanka yanzu, shi kuma ya koyi yankan nama da hagu, tsokar tana fita wata babba wata ƙarama. Idon hagu ma bai dawo daidai ba. Ba wanda ya sake taɓa teburinsa. Dogo yana riƙe da fili har yau. Har yanzu akwai masu yi masa gori a ɓoye, amma takensa ake fara kaɗawa. In ya biyo ta ƙauyen yakan tsaya ya gaishe su, ba ya daɗewa.

Kakar bana, ranar da aka buɗe fili, na fita neman ƙashin miya. Kalangu yana tashi a bayan gidaje. Ɗantala yana zaune a kan benci a waje, hannun yana kwance a cinyarsa shiru, yana korar ƙuda da na hagu. Shehu yana soka nama a tsinke yana harararsa.

“Na ce maka yanzu, ka ji ni sarai. Ƙeya a buɗe kamar ƙofar zaure.”

“Na ji ka.”

“Ka san dai ba yaron nan ne ya kayar da kai ba.”

“Na sani,” in ji Ɗantala. “Santsi ne.”

“Maƙaryacin banza. Miƙo mini yajin.”

Ya miƙa masa da karkataccen hannun, sannan ya juyo ya zaɓar mini ƙashi mai ɓargo.